Sauro Ne Ya Fara Yin Shiru

Sauro ne ya fara yin shiru.
Na yi murna, na ce da Lantana,
bana damina ta zo da mutunci,
ko ɗaya ba ya kuka a ɗakin nan.
Ta dube ni tana tafa hannu a iska,
ta ce, Tanimu, suna nan, kai ne ba ka ji.

Sai tsuntsayen kan mangwaro suka bi,
sai agogon bango ya haɗiye harshensa.
Hajjo jikata ta ce, Kaka, ga ruwa,
na zabura na ce, wa ya yi rasuwa?
Yara suka yi ta dariya har suka gaji.

Na san wanda zan ɗora wa laifi.
Shekara ashirin da biyu a masaƙar Kakuri,
auduga a gashina, auduga a hancina,
ba ta taɓa shiga kunnena ba.
An rufe masaƙa, ciyawa ta ci ƙofarta,
amma har yau in dare ya raba
kaina yana amsa ƙugin inji.

Ba kunne ya kai ni Asibitin Dutse ba,
ƙafa ce, wata uku tana ruwa,
ɗan abin da na raina na ce ƙurji.

Likita Shekari ta kira sunana sau uku
ina zaune ina kallon silin.
Ta ajiye biro, ta zagayo gabana,
ta ce, Baba, yaushe rabonka da awon suga?
Hawan jinin nan fa, wa kake bar wa shi?
Ta tura ni wani ɗaki, aka rufe mini kunne
aka ce in ɗaga hannu in na ji ƙara.
Hannuna ya kwana a cinya rabin gwaji.

Ta ce, kai masaƙi ne, za ka gane.
Can cikin kunne akwai hanyoyin jini
da suka fi zaren da ka saƙa siranta.
Suga yana cinye su kamar asu,
hawan jini yana ja har su tsinke,
kuma zaren nan ba ya ƙulluwa.
Inji ya ci rabonsa, ban musa ba,
amma wanda ke ƙarasa aikin
yana kwance a jininka kamar maciji.

Na tuna teburin Ilu a Tudun Wada,
cokali huɗu a kofi, in ce ƙara.
Na tuna ƙwayoyin da nake sha kwana biyar,
in na ji dama-dama in watsar.
Ni da nake gadin ido da ƙafa,
ashe ta taga ɓarawo ya shiga,
bai bar sawu ba, bai tashi ko kaji.

Abin da ya fi ciwo ba shirun ba ne.
A majalisa in ga haƙora sun bayyana
sai in yi dariya, ban san ta mene ce ba.
Barau ya yi sallama, ban amsa ba,
shekara guda yana cewa na yi girman kai.
Mai keke ya kusa kwashe ni a Kasuwar Barci,
ya zage ni, ko zagin ban samu ba.
Ladan ya kira asuba, sai Lantana ta taɓa ni,
in tashi da kunya in gai da Ubangiji.

An faɗa mini kuɗin 'yar na'urar kunne.
Na ce a bari tukuna, fansho bai zo ba.

Yanzu ina gadin abin da ya saura.
Shayi ba suga, miya gishiri kaɗan,
ƙwaya da safe, ƙwaya bayan isha,
awo ranar Talata ko ana ruwa.
Jiya aka kece da ruwa kan kwanon ɗaki,
na zauna ina tara shi da kunnen hagu.
Hajjo ta zo ta tsaya daidai fuskata,
ta buɗe baki a hankali: Kaka, ga ruwa.
Na ce, miƙo, 'yar nan. Wannan karon na ji.