Turken Baba Cari

Tun da yanar ido ta rufe wa Baba Cari tafki,
ni ne idonsa.
Kullum bayan asuba nakan gangara gaɓar Bol,
in duba turken goruba da ya kafa tun ban san kaina ba,
in komo da labari kafin shayinsa ya huce.

Yau ruwa ya hau yatsa biyu.
Sama kuwa wasai, ko ƙyallen gajimare babu.
Wata guda ke nan rabonmu da yayyafi,
amma tafki sai ƙara ƙiba yake.
Ruwan wasu ne, in ji Baba,
ya sauka kan mutanen da ba mu jin harshensu,
Shari ya ɗauko shi a ka, yana tafe yana hutawa,
sai yanzu ya iso.

Na ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya,
kamar mai bin bashi a ƙofar gida.
Na ga kirinjijiya, sun fi ƙarfin ƙirga,
na kai arba'in, zakaran ƙeƙuwa ya yi kururuwa,
duk suka tashi da lissafina.
Bado ya buɗe fari fat a lungun da jiya laka ce.
Kainuwa ta yi ƙaura cikin dare,
ta bar gabas, ta zo ta tare mashigin jiragen Adum,
yana ta ture ta da gora yana zagin kakanninta.

Cikin kacalla akwai hanya sabuwa,
faɗinta ya kai ƙofar zaure,
an tattake burugu, an bar kashi mai ɗumi.
Dorina ce.
Ban tsaya gaisuwa ba.

Da hantsi shanun Kuri suka faɗa ruwa,
babu abin da ake gani sai hanci da manyan ƙahoni,
yaron Kellu na iyo a bayansu, riƙe da wutsiyar ta ƙarshe.
Belbelu suka rasa bayan da za su hau,
suka bi su ta sama har tsibiri.

Duk na kwashe na kai wa Baba.
Ya saurara, yana murza carbi,
sannan ya ce: ka manta iska.

Na ce, babu iska yau.
Ya ce, akwai.
Tun sulusin dare ta juya,
ta daina kawo warin kanwa daga tudu,
ta koma kawo ɗanyen ƙamshin ciyawar da ruwa ya ci.
Kuma kwaɗin bayan gidan Adum sun yi shiru,
ka san guza ya dawo.
Yatsa biyu ka ce? Koma ka duba.
Ƙarar da ruwa ke yi a gindin tumfafiyar nan
ta uku ce.

Na koma, rana a tsaka.
Na durƙusa, na jera yatsuna jikin turke.
Uku.
Wata ƙaramar karfasa ta zo ta taɓa farcena,
ta ga ba abinci ba ne, ta wuce.

Na daɗe a nan, idona rufe,
ina gwada irin ganinsa.
Da fari duhu ne kawai, da sauro.
Can sai kacalla ta fara magana,
busasshiya da muryarta, ɗanya da tata.
Wani tsuntsu da ban san sunansa ba
ya yi kira sau biyu daga wajen Berim, ya fasa.

Gobe zan tambayi Baba sunansa.
Na san zai ce in kwaikwayi kukan,
in yi, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya sa in sake.