Hantar Mahauci

Shekara talatin ina fiɗa a mayankar Zango,
in ɗaga hanta in ce da yaro,
"Wannan ta yi fari, kitse ya ci ta, ajiye gefe."
Ban taɓa tuna tawa ba.

Yau a Shika aka karɓe zobena,
makullin rumfa, har 'yar wuƙar aljihu,
wai maganaɗisu ba ya ga maciji da ƙarfe.
Suka zura ni kogon na'ura
kamar gurasa a tanderu.

Ta yi ta bugu, ƙwam, ƙwam, sai ka ce maƙera.
"Riƙe numfashi, Malam Barau." Na riƙe.
"Saki." Na saki.

Ba kaifi, ba ɗigon jini,
amma ta feɗe ni sarai.

Likita Talatu ta juyo da allo.
Kitse ya yi nisa, in ji ta, tabo ya soma,
sai dai da sauran gyara:
rage maiƙo, bar lemon kwalba, motsa jiki.

Na dubi hoton da idon sana'a.
Da a teburina take, wallahi,
ko kyauta ba zan bai wa mutum ba.

Na sauka a Kwangila.
Ɗan acaɓa ya yi ta ƙyasta mini,
na ce a'a,
na taka har gida.