Hannun Tufa

A Biella, inda kogin Cervo ke wanke ulu
tun kakan kakana bai san dama da hagu ba,
ba a fara tambayar yadi launinsa.
Sai a runtse ido, a miƙa yatsu uku,
a murza,
a ce: yaya hannunsa?

Mano. Haka kalmar take a bakinmu.
Hannu.
Tufa ba ta da ko ɗan yatsa, amma mun ba ta hannu,
don in ka taɓa ta, ita ma ta taɓa ka.

Shekarar da na dawo daga karatu
na zo da ƙamus mai nauyin jariri,
na buɗe shi kan teburin kakata Ortensia,
tsakanin almakashi da kofin gahawa.
Na ce, Kaka, kalmar nan taku tsohuwa ce tukuf.
A bakin Rumawan da, hannu iko ne:
bawan da za a 'yanta, daga hannu ake sakinsa.
Gungun mayaƙa ma hannu suke ce masa.
Zamani ya mirgina,
ta koma rubutun mutum da ake gane shi da shi,
ta koma shafe ɗaya na fenti a bango,
zagaye ɗaya na karta,
da agajin maƙwabci ranar da rufi ya yi yoyo.

Ta ce, karanto tamu.
Na bi layi da yatsa har can ƙasa,
ma'ana ta goma sha wani abu, baƙaƙe ƙanana:
yadda tufa take ga mai taɓawa.

Shi ke nan? in ji ta.
Shekara arba'in da ɗaya ina farautar ƙulli a masaƙa,
sai a sallame ni da layi guda?

Ta jawo akwatin ƙyallaye daga ƙarƙashin gado.
Wannan cikakke ne, damƙe shi, zai komo da kansa.
Wannan busasshe, yana ƙaras-ƙaras kamar ganyen kaka.
Wannan sulɓi gare shi, na munafunci,
an shafe shi ne don ya yaudari ɗan kasuwa,
wanki biyu asirinsa ya tonu.
Ga wani mai kaushi, kada ka raina shi,
shi ya raka kakanka kan dutse hunturu ashirin.

An taɓa kawo musu na'ura, ta ce,
mai matsa yadi, ta ja, ta lanƙwasa,
ta tofo lamba.
Ta ba ƙyalle biyu lamba ɗaya.
Kaka ta shafa, ta ware guda:
wannan tunkiyar ta kwana da yunwa.
Injiniya ya yi dariya. Kaka ba ta yi ba.

Nata hannun kuwa, faso ne da kanta,
ƙashi ya karkace, allura ta ci kan yatsa.
Duk laushin da attajirai suka sa a kafaɗa
ta nan ya bi,
ya bar mata kaushin a matsayin lada.

A asibiti, makon ƙarshe,
ta manta sunana, ta manta ranar.
Amma yatsu ukun nan ba su yi ritaya ba.
Suka lalubi zanen gado, suka murza,
ta yamutsa fuska: rabinsa roba, an cuce su.

Sai ta kamo hannuna.
Ta juya shi, ta bi tafin, ta bi bayan,
ido a rufe, kamar da.
Sumul, ta ce. Takarda.
Bai sha ruwa ba tukuna.
Ta ɗan yi shiru.
Amma zaren na kirki ne. A ba shi lokaci.

Ƙamus na nan inda na bar shi,
da tabon gahawa a kan shafin.
Na so in ƙara ma'ana a gefe da fensir,
na riƙe shi har gari ya waye,
ban rubuta komai ba.
Na dai tarar ina murza takardar.