Gishirin Babana

Shekara talatin da takwas babana Hajrudin
yana dafa gishiri a masana'antar Tuzla,
girarsa ta yi fari tun kafin tsufa ya iso.
Yau ga shi a gado na huɗu, hawa na uku,
an rataye masa ruwan gishiri a leda
yana ɗiga cikin jijiyarsa,
kamar garin ne ke biyansa bashi, ɗigo-ɗigo.

Ranar Talata ya faɗi a bakin murhu
da kofin gahawa a hannu.
Kofin ko tsagewa bai yi ba.
Ɓarin dama ya tafi ya bar shi,
harshe ya yi nauyi kamar rigar sanyi da ta sha ruwa.
Likita ta ɗaga hoton ƙwaƙwalwa ga fitila,
ta nuna wani tabo da bai kai ƙwayar wake ba,
ta ce, "Nan ne magana take."
Na ce a raina, ashe nan sunana yake.

Na fita baranda, idona a bushe,
dusar ƙanƙara tana binne motoci a ƙasa.
Na ce, ya Rabbi, mutumin nan
ko a shekarun yaƙi, babu wuta babu burodi,
Asuba ba ta taɓa wuce shi ba.
Haka za a yi?
Sai na ji kunyar bakina, na yi istigfari.
Tambayar dai ba ta tafi ba,
ta zauna kusa da ni a benci
kamar baƙuwar da motar ƙarshe ta bari.

Ljerka, nas ɗin dare, mai ƙaramin gicciye a wuya,
ita ta lura yana laluben bargo da hannun hagu
duk lokacin da ladan ya kira daga gangare.
Ta ce, "Senada, me yake nema?"
Alwala yake nema.
Washegari na sauka bakin kogin Jala
na tsinto dutse mai faɗin tafin hannu,
na sa shi a jaka tare da lemo.
Na ɗora tafinsa a kai, na kai masa fuska,
ya yi taimama,
ya yi sallah da fatar ido:
ya sassauta, ruku'u; ya rufe, sujada.
Ljerka ta tsaya a bakin ƙofa
ta tare mai shara har ya sallame.
Yanzu dutsen yana kan tire, a jere da magunguna,
ita ke goge shi.

Carbina ya faɗi a cikin bas,
sai na koma ƙirga ɗigon leda.
Subhanallah, ɗis. Subhanallah, ɗis.
Leda guda tana kai ni har assalatu.
Yayana Nedžad yakan kira daga Jamus ya ce yaya jiki,
in ce da sauƙi,
don ban san wata amsar da za ta shiga waya ba.

A dare na goma sha ɗaya leɓensa ya motsa.
Na kai kunnena, ina jiran sunana.
Ya ce, "Alham…"
sauran ya maƙale.
Na ƙarasa masa.
Ba zan ɓoye ba, na ji ɗan kishi.
Sai can wajen ƙarfe uku na gane
abin da ya fara zubawa a rumbun ke nan,
shi ne a can ƙasa, inda ɓarnar ba ta kai ba.

Likita ba ta yi mini alkawari ba,
ni ma na daina sa wa Allah rana.
Da safe na sunkuya in gyara masa matashi,
hawayena na farko ya faɗa a gefen bakinsa.
Ya lasa, ya ɗan yamutsa fuska,
irin ta tsohon ma'aikaci mai duba aiki,
sannan ya gyaɗa kai.
Gishirin ya yi daidai.