Bokiti Goma Sha Ɗaya

Asabar ta farko a kowane wata
mu bakwai muke haɗuwa, in gosulo ya yarda.
Ba a biyan mu. Shayin ma karo-karo ne.
Kujerun daga cocin Uwargida Pereira aka aro su,
shekara shida ke nan, kowa ya yi kamar ya manta.

Gidan yana tsakiyar lambu, bayan layin dogo a Agege,
bene mai ƙafar katako, tsohon ofishin awon kaya,
da ɗakin ajiya biyu, da rijiyar da aka toshe.
A waje Ikko na ta hargowa,
danfo na zagin danfo,
amma da ka shigo inuwar mangwaron nan
sai garin ya rage murya kamar ya hango surukinsa.

Ni ne ma'aji. Kar ka yi dariya.
Asusun bai kai siminti buhu talatin ba.
Abin da nake ƙirgawa da gaske bokiti ne:
bara bakwai, bana goma sha ɗaya,
kowanne a ƙarƙashin yoyonsa.
In ruwan Yuni ya kece
sai ka ce makaɗa ne suka zo biki ba gayya.

Injiniya Oyewusi ya ce rufi tukuna.
Barista Nkemdilim ta ce takardar fili tukuna,
me za ka rufa in an sayar da ƙasan?
Hajiya Lantana ba ta tanka ba,
ta tashi ta ƙwanƙwasa ginshiƙi da zobenta,
ya amsa mata kamar busasshiyar ƙwarya.
Ashe gara ta riga mu zama taro.

Ran nan wani ya zo da mota mai baƙin gilashi.
Zauren biki zai gina, mai sanyi,
da sunayenmu a bango da ruwan zinariya,
mu dai mu bar shi ya kwantar da tsohon.
Aka kaɗa ƙuri'a, biyar suka ce a'a.
Ina cikin biyar ɗin,
amma hannuna ya yi nauyi kafin ya tashi.

Don ina da tawa da gidan nan.
Kakana Barau falken goro ne.
A barandar nan ya sha kwana da huhunsa yana jiran awo,
ba a taɓa ce masa shigo ba.
Ta taga akawu ke miƙo masa takarda,
da yatsa biyu.
Ɗana ya ce, Baba, gidan da ya bar kakanka a waje,
shi kake yi wa yawon neman taimako ofis-ofis?
Na rasa ta cewa. Na ce riƙe min tsani.

Sai da muka kankare ƙofar baya,
kore kan fari, fari kan ruwan ƙasa,
muka tarar da zane da bakin wuƙa:
sanduna biyar-biyar, lissafin huhu,
da ajami a karkace, Tanko mutumin Gwarzo.
Ba kakana ba ne.
Na dai daɗe da yatsana a cikin ramin harafin.
Kusa da shi wani ya yi nasa da Yarabanci,
Oyewusi ya karanta, ya yi dariya har da hawaye,
ya ce bashi ne, sule uku,
kuma ga alama har yau ba a biya ba.

Taro ya tashi bayan azahar, maganar rufi ba ta ƙare ba.
Sakatare ya rubuta: sai wata mai zuwa.
Kowa ya bi laimarsa.
Ni ne na ƙarshe kullum.
Na juye bokitan a gindin mangwaro,
na mayar da kowanne gurbinsa,
na ja ƙofar da damina ta kumbura,
ba ta rufuwa sai da kafaɗa.

Mabuɗin na aljihuna, yana bugun cinyata har bakin titi.
Hadari ya taso daga wajen teku.
Na tsaya gun mai robobi
ina tayin na goma sha biyu.