Ido Ɗari da Sha Bakwai

Na taso daga aiki da muryoyin mutane cike da kunne.
Awa sha biyu ina kan wayar gaggawa:
"Kina ina? Yana numfashi? Kar ki kashe, mota na tafe."
Wani nakan ji ƙarshen labarinsa,
wani layin ke yankewa,
har yau ban san yadda aka kwashe ba.

Haapsalu ta yi tsit.
Teku ya daskare tun daga gaɓa har inda ido ya gaza,
ƙarfe uku na rana an kunna fitilun titi.
Lambuna na can ƙarƙashin dusar ƙanƙara,
sai kan sandunan da na kafa wa wardi
ke leƙowa kamar masu neman a buɗe musu ƙofa.

Ba na kunna rediyo.
Nakan ɗora ruwan shayi, in jawo kwandon kakata Salme,
kibiyoyi biyu na itace, gajeru, sun yi sulɓi don shan hannu,
da farin ulu siriri kamar yanar gizo-gizo.
Ido ɗari da sha bakwai a kowane layi.
Wanda ke ƙirga ido ba ya ƙirga gawa.

Zare ya zaga, kibiya ta shiga,
a ɗauko, a zame, a sake.
Madauki bakwai a cikin ido guda,
a dawo a tattare su wuri ɗaya su zama ƙulli,
ƙulli bisa ƙulli su jeru a kan reshe,
ga farar fulawar nan mai kama da ƙararrawa
da ke fitowa a gindin katangata cikin watan Mayu.
Ƙasa ta hana ni fure,
sai na shuka shi a cinyata.

A layi na uku kafaɗuna ke saukowa.
A na goma nake tuna ban ci komai ba tun safe.

Daren da yarinyar nan ta kira,
shekarunta ba su fi tara ba, babanta a kwance a kicin,
na yi ta ƙirga mata, ɗaya, biyu, danna, danna,
daren nan ido ɗaya ya kuɓuce mini.
Ban gani ba sai bayan layi arba'in:
'yar ɓula, tsakanin ganye da ganye,
ko ɗan yatsan jariri ba zai wuce ba.
Na riƙe kibiya zan warware.
Na ajiye.

Maƙwabcina Endel, tsohon direban jirgin ƙasa,
ya ƙwanƙwasa da akwatin kwali a hammata.
"Leelo, saiwar daliya ce. Gwiwata ta daina durƙuso.
Ki sa a ɗakin ƙasa, kar sanyi ya taɓa, kar ɗumi ya ruɗe ta."
Na leƙa. Dankali ne kawai, mummuna, duk ya yamutse.
Ya yi dariya har da tari:
"Haka nake ni ma, amma ki jira Agusta."

Rabinsu sun ruɓe kafin ƙanƙara ta narke.
Laifina ne, na yayyafa musu ruwa don tausayi.
Huɗu suka yi tsiro, jajaye, kamar kan ashana.
Dodon-koɗi ya cinye ɗaya a dare guda,
na zage shi da sunan kakansa.

Yanzu rana ba ta son faɗuwa,
sha ɗayan dare ina saƙa a waje ba fitila,
ƙasa a ƙarƙashin farcena tana ɓata farin ulu.
Mayafin ya ƙare jiya.
Na zura shi ta cikin zoben Salme, ya wuce sumul,
har da ɓular.

Endel ya ɗaga shi sama yana duban haske,
ya sa yatsa daidai wurin.
"Nan fa?"
Na ce, nan wata yarinya ce.
Bai ƙara tambaya ba.
Ya juya wajen daliya, ya ce ta biyun na son sanda.