Ƙasar da Na Ɗiba

Rumasa'u ta dawo ran Laraba
da akwati guda da mura a hanci.
Ta zauna bakin tabarmata a zaure,
ta miƙo waya: Kaka, ga inda na je.

Wani tsohon birni ne a Turai,
sunansa ya ƙi zama a harshena,
sau uku ta faɗa, sau uku na tauna na furzar.
Lunguna kamar na Kwarbai,
sai dai an shimfiɗe su da dutse,
tafin ƙafa ya goge shi shekara da shekaru
har yana sheƙi kamar bayan tasa.
Ga hasumiya mai agogo,
in sha biyu ta buga, wasu 'yan gumaka
su leƙo ta taga, su rusuna, su koma.
Ga gada. Ga gidan mai burodi,
wai tun kakan kakansa murhun bai huce ba.

Sai ta ja hoton da yatsa.
Ganuwa.
A tsaye, ba tsaga, ba zaizaya,
mutane sun yi layi da tikiti a hannu
don kawai su hau su taka.
Ta ce, Kaka, kuɗin hawa ɗaya
sai ya yi cefanen mako a Sabon Gari.
Na ce, to, Allah Ya ba su lafiyar gwiwa.
Muka yi dariya.
Tawa ba ta kai ciki ba.

Shekara arba'in da shida ina gini.
Na ɗaura baka, na jera azara,
na fid da zanko a kan soraye,
ina gane ƙasa tun daga ƙamshinta.

Da aka idar da asuba na ɗauki sanda,
ban gaya wa kowa ba, na nufi Ƙofar Gayan.
Abin da ya saura na ganuwarmu
yana kwance kamar raƙumin da ya gaji,
awaki a doronsa, leda a gindinsa.
Kufena na can tana kallo,
ba ta ce da ni komai ba.

Na nemi gurbin, na kuwa same shi,
tsayin mutum, ciyawa ta rufe masa baki.
Shekarar da aka haifi uwarta
damina ta kayar mana da ɗaki.
Ni da Ɗantani da jakuna biyu,
dare uku muna ɗiba.
Ƙasa ce mai kyau, wallahi,
waɗanda suka kwaɓa ta sun san hannunsu.
Muka ce ganuwa ba ta da mai ita.
Muka ce yaƙi ya ƙare, me take tsarewa?
Ɗantani ya rasu bara.
Ni kaɗai na rage da sanin ramin.

Na dawo rana ta take.
Ta kawo min tsaraba, ashe:
'yar ganuwa kamar ɗan yatsa,
da maganaɗisu a baya, ta jikin firji ce.
Ba mu da firji.
Ta ajiye ta a alkukin ɗakin,
ɗakin nan dai, inda take kwana.

Ta ce, Kaka, gobe ka kai ni in ga tamu.
Na daɗe ina gyaran murya.
Na ce, matsa baya kaɗan, Rumasa'u.
Jingina da bangon nan.
Ji sanyinsa tukuna,
sannan in ba ki labari.